Tankaɗe da Rairaya

Shekara talatin da ɗaya makullin zauren jam'iyya na aljihuna,
a wani ɗan gari can arewacin Wisconsin,
inda ƙanƙara ke binne akwatin wasiƙa har watan huɗu.
Ni ke buɗe ƙofa, ni ke ɗora tukunyar kofi,
ni ke jera kujerun ƙarfe,
arba'in da biyu, ɗaya mai gurguwar ƙafa.

Launi biyu ne a ƙasarmu, ja da shuɗi.
Ba zan faɗi nawa ba, ba shi ne zancen ba.
Na gaje shi wurin mahaifina yadda na gaji hancinsa.
Na kafa allunan 'yan takara da guduma, yatsu a sandare,
har na waɗanda zuciyata ta san ba su kai ba.
Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sai gadar bayan makaranta ta tsage.
Motar ɗalibai na hawa kanta safe da yamma,
jikata Annika a kujera ta uku, goshinta jingine da taga.
Wanda ya kawo ƙudurin gyara a majalisar gari
Gordon Pulaski ne, mutumin wancan launi,
wanda muka shekara ashirin muna gaisawa da ka.
Na ɗaga hannu tare da shi.
Hannu ɗaya. Sau ɗaya.

Ran Talata Tanner Hoeft ya miƙe da takarda,
yaron da na kai wa uwarsa miya ranar da aka haife shi.
Ya ce, Marlys Tvedt rigar kawai ta saka, jinin ba namu ba ne,
ta miƙa wa abokan gaba nasara ana saura wata biyar zaɓe.
Ya zaro tambayoyi goma sha biyu, amsa i ko a'a.
Na ce, ta bakwai ba ta da i, ba ta da a'a.
Ya ce, wannan ma amsa ce.

Sha tara suka ɗaga hannu.
Shida suka tsura wa takalmansu ido.

Ba zan yi ƙarya ba:
bara da aka kori Lyle Brandvold
don ya ce harajin nan a sake dubawa,
hannuna na cikin na sama.
Na ce a raina, tsarki muke nema.
Ashe rariya ba ta san mai riƙe da ita ba.
A tankaɗe, a rairaye, a sake tankaɗewa,
har gari ya ƙare, a zauna ana yabon tsabtar ƙwarya.

Na iske Gordon a shagon burodi, shi kaɗai.
Nasa ma sun juya masa ƙeya,
wai jarida ta nuna shi yana yi mini murmushi.
Muka yi dariyar da ta fi kuka ciwo.
Ya ce, dawo wajenmu mana.
Na ce, ka ga na yi kama da mai sauya hanci?
Gidan nan ƙofa biyu gare shi,
kowacce da mai gadi yana shinshinar masu shiga.

Ranar zaɓe na daɗe bayan labule.
Alƙalami ya yi ta shawagi kamar shirwa,
ya sauka inda ya saba.
Kunya na ji ko sauƙi? Har yau ban rabe ba.

Jiya da dare waya ta yi ƙara.
Tanner ne, murya ƙasa-ƙasa:
tukunyar kofi ta ƙi tashi.
Na ce, ɗaga igiyar, ka danna ta hagu da ƙarfi.
Na ce, kujera nawa ka jera?
Ya yi shiru.
Ya ce, sha ɗaya.
Na ce, ka lura da mai gurguwar ƙafa.